Agogon Haske da Baƙin da Ke Sauka a Gonakin Bagwai

A kowane sakan, manomin da ke ban ruwa a gefen madatsar Watari da ke Bagwai yana karɓar baƙo a tafin hannunsa, bai kuwa sani ba. Baƙon nan wani ɗan mitsitsin abu ne da ya fi ƙwayar zarra ƙanƙanta, masana kimiyya na kiran sa muwon. Can sama yake samuwa, wajen kilomita 15 daga ƙasa, a yayin da wasu ƙwayoyi masu tsananin gudu daga sararin samaniya suka daki iska. Sai dai ba ya daɗewa: matsakaicin ransa kashi 2.2 ne cikin miliyan na sakan ɗaya. Ko da gudun haske yake yi, wato kilomita 300,000 a sakan, ai bai kamata ya wuce mita 660 ba. To, yaya aka yi yake isowa gona?

Amsar tana cikin wani nazari da Albert Einstein ya wallafa a shekarar 1905, yana ɗan shekara 26, yana aikin ofis a birnin Bern na ƙasar Suwizalan.

A ɗauka yaro yana cikin motar da ta taso daga Bagwai za ta Bichi, yana cilla lemo sama yana cafewa. A ganinsa lemon nan sama da ƙasa kurum yake yi. Amma mai tsaye a bakin titi zai ga lemon yana tashi yana kuma yin gaba, domin mota na tafe da shi. Babu maƙaryaci a cikinsu. Kowa daga matsayarsa yake awo. Wannan matsaya ta mai kallo ita ce tushen zancen duka.

Yanzu a cire lemo, a sa madubi biyu suna fuskantar juna, ɗaya a rufin motar, ɗaya a ƙasanta, haske na kai da komo tsakaninsu. Kowane zuwa da dawowa bugu ɗaya ne. Shi ne agogon haske. Na bakin titi zai ga hasken yana bin hanya a karkace, wadda ta fi ta tsaye tsawo. Da lemo ne da babu matsala, sai a ce gudun mota ya ƙaru a kan nasa. Haske kuwa ba ya karɓar ƙari, gudunsa ɗaya ne ga kowane mai awo, kuma gwaje-gwaje sun sha tabbatar da haka. Hanya ta ƙara tsawo, gudu bai ƙaru ba, ke nan dole bugun ya ɗauki lokaci mai tsawo. A awon na bakin titi, agogon cikin mota yana jinkiri.

Kada ɗalibi ya ɗauka laifin agogon ne. Lokacin ne kansa ya miƙe, don haka bugun zuciya da rabuwar ƙwayoyin jiki da fitowar furfura duk za su bi sahu. Da Hasan zai yi doguwar tafiya da kashi 87 cikin ɗari na gudun haske, in ya dawo bayan shekara 20 a lissafin Husaini, shi shekara 10 kawai ya ƙara. Direbobi dai kada su sa rai: wanda ya shekara 100 yana gudun kilomita 100 a awa bai rage ko kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba.

Muwon da ke gudun kashi 99.9 cikin ɗari na gudun haske, lokacinsa yana miƙewa har ninki 22 a awonmu, mita 660 ta zama fiye da kilomita 14. A tasa matsayar kuwa ransa bai ƙaru ba, tazarar ce ta tsuke ta koma ƙasa da kilomita ɗaya. Lissafin biyu wuri guda suke kaiwa. Frisch da Smith sun ƙirga muwon a kan Dutsen Washinton na Amurka, suka sake ƙirgawa a ƙasa kusa da teku, suka tarar waɗanda suka iso sun ninka abin da tsohon lissafi ya nuna sau da yawa.

A ƙasa irin ta Bagwai, inda gona ke manne da gona, taku biyar a kan iyaka ya isa ya kai 'yan'uwa gaban alƙali. Na'urar GPS da masu safiyo ke awon fili da ita ta dogara ne da agogunan taurarin ɗan'adam da ke shawagi kilomita 20,200 a sama, suna gudun kusan kilomita 14,000 a awa. Gudun yana sa agogunan su yi jinkirin kashi 7 cikin miliyan na sakan a kullum. Raunin jan ƙasa a can sama, wanda Einstein ya yi bayaninsa a 1915, yana sa su yi gaggawar kashi 45. Saura 38 ke nan. Tun kafin a harba su ake ɗan sassauta bugunsu don cike wannan giɓi. Ba don haka ba, kuskuren awon nisa zai riƙa taruwa da wajen kilomita 10 a kowace rana.