Ina Kuɗin Ginin Makarantarmu Ya Tsaya?

Mu da muke riƙe da alli mun san yadda aji yake idan yara sun yi masa yawa. Na gaba suna zaune a ƙasa har gindin allo, na baya ba su ji, kafin malami ya gama kiran suna lokacin lissafi ya wuce. Ƙa'idar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35. A makarantu da yawa na karkara, wannan a takarda kaɗai yake.

Ba yau aka fara ba. A 1976 da aka buɗe ilimin firamare kyauta, an yi tsammanin yara wajen miliyan 2.3, sai kusan miliyan 3 suka zo, aka yi ta karatu a gindin itace. A 2016 ma, da Jihar Kaduna ta fara ba 'yan makaranta abinci, azuzuwa suka cika maƙil.

Amma ƙasar Birnin Gwari tana da nata nauyin dabam. Shekara da shekaru 'yan bindiga suna fitowa daga dajin Kamuku da kewaye. A watan Maris 2021 sun shiga makarantar firamare ta Rama, suka tafi da malamai uku. Ƙauyuka suka watse, yaransu suka cunkushe a makarantun cikin gari. Bayan sulhun Nuwamba 2024, da aka sake buɗe kasuwar shanu, wanda ya koma gida sai ya tarar iska da gara sun riga shi zuwa makaranta.

To, ina kuɗin gini? Dokar 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don ilimin farko, a hannun hukumar UBEC. Sai dai jiha ba ta taɓa rabonta sai ta ajiye nata daidai da shi. In ta yi jinkiri, kuɗin yana kwance a Abuja, siminti kuwa ba ya jiran kowa. Kafin a ba da kwangila damina ta sauka, hanya ta yanke, ɗan kwangila kuma yana tsoron daji. Shi ya sa muke ganin bulo ya kai taga ya tsaya, ciyawa ta tsiro a ciki, awaki sun samu wurin kwana.

Iyaye, kada mu bar wa hedimasta shi kaɗai. Kowace makaranta ya kamata ta samu kwamitin iyaye da mutanen gari. Kwamitin ya je wurin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma da tambaya ɗaya: sunan makarantarmu yana cikin tsarin ayyukan bana? A kai yawan yara a rubuce, aji aji, a riƙe kwafi. Kafin amsa ta zo, a yi gayya tun da rani, a kafa rumfa, a liƙe kwanon da yake yoyo, a fara da ɗakin 'yan aji ɗaya.