Lawashi ya fi ƙwallon albasa amfani a jiki

A gidajen Malali, kamar sauran unguwannin Kaduna, da wuya a ɗora tukunya babu albasa. Sai dai idan ta zo da lawashinta, daga lambunan rani na bakin Kogin Kaduna ko daga kasuwar Kawo, sau da yawa uwargida kan yanke ganyen ta zubar, ko ta ɗan barbaɗa shi a kan ƙwai don ƙamshi. Wannan asara ce, domin akasarin abin gina jiki da ke cikin albasa yana cikin koren ganyen da farin wuyan da ke ƙasansa. A ganye ne tsiro ke sarrafa hasken rana ya haɗa abincinsa, ƙwallon kuwa rumbu ne da yake tara sukari da ruwa.

Alƙaluman ma'aikatar noma ta Amurka sun nuna tazarar a fili. A kowane giram 100 na ɗanyar albasa mai lawashi akwai bitamin C kusan miligiram 19, a ƙwallon kuwa kusan 7. Kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi miligiram 72 ne a lawashi, 23 a ƙwallon. Sinadarin ƙarfe da jiki ke haɗa jini da shi ya kusa miligiram 1.5 a lawashi, alhali na ƙwallon bai wuce 0.2 ba sosai. Bitamin K, mai taimaka wa jini ya daskare idan an ji ciwo, ya haura maikirogiram 200 a lawashi, a ƙwallon ko 1 bai kai ba. Haka kuma koren ganyen na ɗauke da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, wanda ido da garkuwar jiki ke buƙata, ƙwallon kuwa kusan babu shi. Waɗannan lambobi suna da nauyi a ƙasar da binciken lafiyar al'umma na 2018 ya gano kashi 68 cikin 100 na yara ƴan ƙasa da shekara 5 suna fama da ƙarancin jini, haka kashi 58 na mata masu shekarun haihuwa.

Wani zai ce ai babu mai cin giram 100 na lawashi a zama ɗaya, kuma zogale ya fi shi nesa ba kusa ba. Gaskiya ne, kuma ƙarfen da ke cikin ganye ba ya shiga jini da sauƙi kamar na nama ko hanta. Lawashi ba zai warkar da ƙarancin jini ba. Mai wannan lalura asibiti ya kamata ya nufa. Amma zogale sai an saye shi daban, lawashi kuwa an riga an biya kuɗinsa tare da albasa. Ƙarancin da ake ci ma al'ada ce kawai, domin babu abin da ya hana a yanka shi da yawa cikin kwaɗon zogale, faten wake ko dambu. Bitamin C ɗin da ke cikinsa ma yana taimaka wa hanji ya zuƙi ƙarfen waken da aka ci tare da shi.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne na tsabta. Ruwan da ake ban-ruwa da shi a lambunan cikin gari ba koyaushe yake da kyau ba, kuma ganyen lawashi bututu ne da ƙasa ke maƙalewa a ciki. Maganin wannan shi ne a tsaga shi a wanke sosai da ruwa mai tsabta, kuma abincin ƙananan yara a bari ya ji wuta. Wuta mai tsawo tana kashe bitamin C, don haka a zuba shi dab da sauke miya, a bar shi ya ɗan turara. Man gyaɗa ko manjan da ke cikin miyar shi ke taimaka wa jiki ya amfana da bitamin A.

Manoman albasa na Sakkwato da Aleiro, da na Galmi a Nijar, sun daɗe da sanin darajar ganyen, shi ya sa ake daka shi a shanya a yi gabu don miyar lokacin da ɗanye ya yi wuya. Shanya a rana tana rage bitamin C sosai, amma kalsiyam da ƙarfe suna nan. Mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin kuwa, ya tuntuɓi likitansa kafin ya ƙara yawan lawashin da yake ci, saboda bitamin K na rage ƙarfin maganin.