Sa'ad da Likita Ya Ce Za a Yi Aiki, Amma Ba Don a Warke Ba

'Yan'uwa, akwai maganar da nake yawan ji a ƙofar ɗakin tiyata, kwanan baya ma na sake jin ta daga wani iyali da ke zaune wajen Ƙofar Guga a nan Katsina. Mahaifinsu yana da ciwon daji a ciki, ya yi makonni duk abin da ya ci sai ya dawo. Aka yi masa aiki, bayan 'yan kwanaki ya sha kunu ya zauna masa. Babban ɗansa ya kira ni da murna: “Baba Fasto, an cire ciwon, a sa mu cikin masu godiya ran Lahadi.” Mun yi godiya, gama shan kunun nan abin godiya ne. Amma ba a cire ciwon ba. An yi musu bayani da Turanci, a tsaye, su kuwa abin da zuciyarsu take so shi suka ji.

Tiyatar ciwon daji iri biyu ce. Akwai wadda ake yi don a cire ƙarin gaba ɗaya, da begen warkewa. Akwai kuma wadda ake yi bayan ciwon ya bar inda ya tsiro, a maƙoshi ko ciki ko hanji, ya bazu zuwa hanta, ko huhu, ko fatar da ta lulluɓe kayan ciki. Wannan shi ne mataki na huɗu. A nan yawanci wuƙa ba ta iya bin ciwon ko'ina, sai dai ta gyara ɓarnar da yake yi.

Ɓarnar kuwa mafi yawa toshewa ce. Hanyar abinci kamar magudanar ruwa take, daga baki har dubura. In ƙari ya tare mafitar ciki, likita yakan ɗinke cikin da ƙaramin hanji ta wani gefe, abinci ya kewaye ƙarin ya wuce, ƙarin kuwa yana nan. Abin da aka yi wa dattijon nan ke nan. In maƙoshi ne ya toshe, akan sa bututun ciyarwa ta bangon ciki, ko a cusa wata 'yar ragar ƙarfe ta buɗe hanyar, inda akwai kayan aikin. In hanyar matsarmama ce, idanu su yi ɗorawa, jiki ya yi ta ƙaiƙayi, ita ma akan buɗe mata mafita. In kuma babban hanji ne, akan fito da bakinsa ta bangon ciki, a manna jaka da bayan gida zai riƙa taruwa.

To, aikin yana ƙara kwana? Kwanakin mutum a hannun Ubangiji suke, amma abin da likitoci suka ƙirga ya kamata mu sani. A 2016 an fitar da sakamakon wani gwaji da aka yi a Japan, Koriya ta Kudu da Singafo a kan mutum 175 masu ciwon dajin ciki da ya riga ya bazu. Aka ba wasu maganin kemo kaɗai, wasu kuma aka cire musu cikin sannan aka ba su kemo. Cikin masu kemo kaɗai, rabi sun wuce wata 16 da rai. Cikin waɗanda aka yi wa aiki, rabi sun wuce wata 14. A 2021 wani gwajin a Japan ya nuna haka a babban hanji: da aiki da babu aiki, kusan wata 26 ne. Wato in ƙarin bai toshe kome ba, ba ya kuma zub da jini, cire shi bai ƙara wa mutanen nan kwana ba.

Sai dai a lura. Mutanen gwajin nan suna ci suna sha, suna kuma samun magani a kan kari. Namu sau da yawa sai an gama da jiƙe-jiƙe da maganin olsa na kemis, hanji ya toshe ciki ya kumbura, kafin a kai su asibiti. Toshewar hanji takan kashe cikin kwanaki. Buɗe ta yakan ba mutum makonni ko watanni, wani lokaci har ya sami ƙarfin karɓar kemo, musamman yanzu da aka buɗe cibiyar masu ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina a 2025, ba dole kowa ya nufi Shika ko Sakkwato ba. Akwai ma ciwon babban hanji da ya je hanta a wuri ɗaya ko biyu kawai, wanda akan cire duka, wasu su warke. Don haka kada wani ya karanta wannan ya hana a yi wa nasa aiki.

Mutane sukan ce da zarar wuƙa ta taɓa ciwon daji sai ya bazu. Gaskiyar ita ce ya riga ya bazu, buɗewar ce ta nuna. Haɗarin yana wani wuri: wanda ya rame ƙwarai, ya daina tashi daga gado, cikinsa ya tara ruwa, ɗinkinsa ba ya saurin kamawa. Irin wannan yana iya ƙare sauran kwanakinsa a gadon asibiti da bututu a hanci, alhali da yana gida cikin jikokinsa. Likitan da ya ce ba zai yi aiki ba, ba lallai mugunta ko kasawa ba ce.

Saboda haka kafin a sa hannu a takarda, a zauna da likita, a nemi ya yi magana da Hausa ko a zo da mai fassara. A tambaye shi kai tsaye: aikin nan don a cire ciwon ne, ko don a sauƙaƙa? Me mara lafiya zai iya yi bayansa wanda ba ya iyawa yau? In ba a yi ba fa? Nawa zai ci, har da jaka da magungunan bayan sallama? Amsar nan ita za ta nuna ko a sayar da gona ko kada a sayar. Dattawan ikkilisiya ma, kafin a ɗaga baiko na musamman, su san abin da ake tara kuɗin dominsa. Shi ma mai ciwon a bar shi ya ji. Jikinsa ne, yana kuma iya samun wanda yake so ya gafarta wa, ko gādon da yake so ya daidaita.

Maganar jaka ita ta fi ba mutanenmu kunya. Na san wadda ta daina zuwa sujada saboda tsoron wari. Jakar da ta manne daidai ba ta fitar da wari, tana ɓoye a ƙarƙashin zane, ba ta kuma hana kowa Jibin Ubangiji. Tsadarta ce matsala, don ana sake ta a kai a kai. A nan zumuntar mata za ta iya abin da likita ba zai iya ba. Zafin ciwo ma a nemi maganinsa, har da mofin in likita ya rubuta, ba rashin bangaskiya ba ne.

Dattijon nan ya koma gida. Da na je gaishe shi na tarar an gaya masa kome, yana zaune a zaure da kofin kunu, yana lissafa wa ɗansa mutanen da suke binsa bashi.