Kadojin da Hamada Ta Binne

A kudu maso gabashin Agadas, cikin hamadar Tenere, akwai wani wuri da ake kira Gadufawa. Yau babu komai a wurin sai rairayi da iska, amma shekaru kimanin miliyan 110 da suka wuce manyan koguna ne ke malala a can. A cikinsu aka yi wani ƙasurgumin kada da masana suka raɗa wa suna Sarcosuchus. Wani Bafaranshe, Philippe Taquet, ya yi nazarin ƙoƙon kansa a shekarun 1960, daga baya ayarin Paul Sereno na Jami'ar Chicago ya shiga hamadar a 1997 da 2000 ya kwaso ƙarin ƙasusuwa. Kan kaɗai ya haura mita ɗaya da rabi, jikin kuwa ana ƙiyasta shi tsakanin mita 9 da 12.

Na sha jin ana cewa kada bai taɓa sauya kama ba tun zamanin dinoso. Ƙasar Nijar da kanta ta ƙaryata wannan zance. A Gadufawar nan aka samu Anatosuchus, ɗan ƙarami da bai kai mita ɗaya ba, mai faffaɗan bakin agwagwa. A 2009 aka bayyana Kaprosuchus, shi ma daga Nijar, mai zaƙo-zaƙon haure irin na gadu. Wasu danginsu dogayen ƙafafu gare su, a tudu suke neman abinci. Duk sun ƙare, har da Sarcosuchus, wanda ba kakan kadan yau ba ne, ɗan uwa ne na nesa. Abin da ya rage mana reshe ɗaya ne, jinsi ƙasa da 30, wanda ya tsallake bala'in da ya shafe dinoso shekaru miliyan 66 da suka wuce.

Ka tambayi kowane yaro a ƙauye wane ne ɗan uwan kada, zai ce maka guza ko tsari. Amma bincike ya nuna tsuntsu ya fi su kusa da shi. Zuciyar kada ɗakuna huɗu gare ta, haka ta tsuntsu, ta ƙadangare kuwa uku. Sai kuma reno, wanda shi ne ya fi taɓa ni. Uwa takan haƙa rami a gaɓar ruwa ta binne ƙwai, ta zauna gadi wajen wata uku. Idan lokaci ya yi, 'ya'yan sukan yi kuka tun suna cikin ƙwai, ita kuma ta tone ramin, ta kwashe su a cikin bakinta, bakin da ke murƙushe ƙashin sa, ta kai su ruwa ba tare da ko ƙwarzane ba. Ikon Allah! Zafin ramin ne ma ke raba jinsi: wajen digiri 32 zuwa 33 yawanci maza ake samu, ƙasa da haka mata.

An daɗe ana ɗaukar kadan tafkunanmu a matsayin kadan Nilu. A 2011 Evon Hekkala da abokan aikinta suka gwada ƙwayoyin halitta, har da na gawarwakin kadojin da Misirawan dauri suka adana, suka gano na Afirka ta Yamma jinsi ne mai zaman kansa, Crocodylus suchus. Ya fi na Nilu ƙanƙanta da sanyin hali. Shi ne ke tafkin Paga a arewacin Gana da na Bazule a Burkina Faso, inda mutane ke girmama shi, yara na wasa a kusa da shi.

Wannan bambanci ba ƙaramin abu ba ne. Muddin ana lissafa shi cikin dubban kadojin gabashin Afirka, babu wanda zai lura idan mafarautan fata da ƙafewar tafkuna suka cinye namu. Wasunsu tun tuni suke rayuwa da ƙyar. Da Sahara ta bushe, shekaru kusan 5,000 da suka wuce, ta bar su a maƙale. A duwatsun Ennedi na Chadi, 'yan ƙalilan ne suka saura a kududdufin Arshe, inda raƙuma ke shan ruwa. Na yankin Tagant a Muritaniya kuwa, da zarar ruwa ya ƙafe sai su shige kogo ko rami, su kwanta watanni ba ci har damina ta faɗi.