Abubuwan da ya kamata ka sani game da tafiyar abin da aka jefa

Dutsen gwafa, ƙwallon da aka buga, ruwan da ke fita daga tiyo da harsashin bindiga duk doka ɗaya suke bi da zarar sun bar abin da ya tura su. Dokar ba ta da wuya, amma ido yana musanta ta, shi ya sa masana suka daɗe ƙwarai kafin su gane ta.

Tafiya biyu ce a lokaci ɗaya

Abin da aka jefa yana tafiya gaba, yana kuma tafiya sama ko ƙasa, kuma babu ruwan ɗaya da ɗaya. Idan aka cire iska daga lissafi, saurinsa na gaba ba ya raguwa, domin babu abin da ke ja masa birki. Tafiyar ƙasa kuwa tana hannun ƙarfin jan ƙasa, wanda ke ƙara wa duk abin da ke faɗowa saurin kusan mita 9.8 a kowane sakan. A sakan na farko abu yana faɗo mita 4.9, a sakan biyu mita 19.6, a sakan uku kusan mita 44.

Ga abin da ke ba mutane mamaki. A ɗaga bindiga daidai ƙirji a fili shimfiɗaɗɗe, bakinta a miƙe bai kalli sama ba bai kalli ƙasa ba, a harba, a daidai wannan lokacin kuma a saki wani harsashin daga hannu. Kusan tare za su taɓa ƙasa, bayan rabin sakan da ɗan ɗoriya. Na bindigar dai zai faɗi ne can nesa. Gudunsa bai hana ƙasa jansa ba ko kaɗan.

Nauyi ma ba ya cikin lissafin. A 1971 ɗan sama jannatin Amurka David Scott ya saki guduma da gashin tsuntsu a duniyar wata, inda babu iska, suka dira tare.

Wa ya gano haka?

An daɗe ana riƙe da ra'ayin Aristotle cewa abu ba ya ci gaba da tafiya sai da mai tura shi. Ibn Sina ya yi gardama da wannan, ya ce mai jifa yana cusa wa abin wani karkata, kuma iska ce ke cinye shi. Ya kusa. Wanda ya kammala aikin shi ne Galileo na Italiya, a littafinsa na 1638, inda ya nuna cewa haɗuwar tafiyar nan biyu ita ke haifar da layin da ya lanƙwasa, wanda masu lissafi ke kira farabola.

Kusurwar da ta fi kai jifa nesa

Tun 1537 Niccolò Tartaglia, wanda ya yi nazarin harbin igwa, ya ce digiri 45 ne, wato rabin hanya tsakanin miƙewa gaba da kallon sama. Ƙwallon da ya tashi da saurin mita 20 a sakan a wannan kusurwar zai sauka wajen mita 41. A digiri 30 ko 60 kuwa zai tsaya a mita 35, sai dai na 60 ya fi daɗewa a sama. Idan aka ninka saurin sau biyu, nisan yana ninkuwa sau huɗu.

Wannan lissafin allo ne. A fili iska tana da ta cewa: tana rage nisa, tana kuma sa saukowa ta fi hawa tsini, shi ya sa mai tsaron raga da ya ƙware yake buga ƙwallo ƙasa da digiri 45. Akasin haka ya faru a 1918, lokacin da Jamusawa suka riƙa yi wa birnin Paris luguden wuta daga nisan kusan kilomita 120. Sun ɗaga bakin igwar fiye da digiri 45, domin harsashin ya yi saurin kaiwa can sama inda iska ba ta da kauri.

Harsashin da aka harba sama don murnar biki ma yana dawowa. Iska tana rage masa sauri, amma ragowar na iya kashe mutum.

Gudu, amma a idon wa?

Babu saurin da yake tsaye da ƙafarsa, sai an ce daga ina aka auna shi. Fasinja a jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ya cilla lemo sama, ya dawo tafin hannunsa. A wurinsa lemon ya hau a miƙe ya sauko a miƙe. Manomin da ke gefen layin dogo kuwa lanƙwasa ya gani, domin lemon yana ɗauke da gudun jirgin tun kafin a cilla shi. Dukansu gaskiya suka gani.

Da wannan hujjar Galileo ya amsa masu cewa da duniya tana juyawa, da dutsen da aka saki daga hasumiya ya faɗi can baya. A 1640 Pierre Gassendi ya gwada a tekun Marseille ta Faransa: an saki dutse daga ƙololuwar sandar jirgin ruwa yana cikin gudu, ya faɗi a gindin sandar. Mu ma a Kano duniya tana juyawa da mu gabas da fiye da kilomita 1,600 a awa, ba ma ji, domin gida da iska da tulun ruwa duk tare muke tafiya.

Haka nan wanda ya diro daga mota tana tafiya, jikinsa yana nan da gudun motar. Ƙafa ta tsaya, jiki ya wuce, sai kifewa.

Lissafin wuce tirela

A ganina, nan ne ilimin ya fi shafar rai. Idan motoci biyu sun nufi waje ɗaya, ana ɗebe saurinsu. Idan suna fuskantar juna, ana haɗawa.

Direba yana kilomita 100 a awa, tirelar gabansa tana 80. A tsakaninsu bambancin 20 ne kacal, wato kamar mita 5.6 a sakan. Kafin ya fito daga bayanta, ya wuce tsawonta, ya koma hannunsa da tazara mai kyau, a ce yana buƙatar cin mita 50. Sakan 9 ke nan yana kan hannun da ba nasa ba, kuma a cikinsu motarsa ta shafe mita 250 na kwalta. Idan mai tahowa ma yana 100, shi ma ya ci 250. Ke nan sai direba ya hango rabin kilomita fayau kafin ya fita. Abin da ke yaudararsa shi ne tirelar da yake gani kamar tana rarrafe a gefensa, alhali motar da ke tahowa tana kusanto shi da mita 55 a kowane sakan.

Faɗuwar da ba ta ƙarewa

Isaac Newton ya kwatanta igwa a kan dutse mai tsawon gaske. Ana ƙara wa harsashi sauri yana ƙara nisa, har a kai inda yake faɗowa amma doron duniya yana lanƙwashewa a ƙarƙashinsa daidai gwargwado, sai ya yi ta kewaye. Tashar binciken sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa haka take: tana kusan kilomita 400 a sama, tana gudun kusan kilomita 28,000 a awa, tana zagaye duniya cikin minti 90 da 'yan kai. Mutanen cikinta suna shawagi ne domin su da tashar tare suke faɗowa, ba don jan ƙasa ya rabu da su ba.