YADDA IYAYE KE RIƘE DA ƘUNGIYAR 'YAN ZAMIYA A AMURKA

A ƙasashen da sanyi ya ke daskarar da ruwa akwai wani wasa da a ke yi bisa ƙanƙara. Mutum ya kan sa takalma masu siririn ƙarfe a tafinsu, kamar kaifin wuƙa, ya riƙa zamiya. Mutum guda ya yi haka ba abin mamaki ba ne a can. Amma a ce mutum 16 su dafa kafaɗun juna, su taso a guje cikin sahu ɗaya, su yi zobe, su juya kamar ƙafar keke, sa'an nan su rabu biyu su ratsa juna ba wanda ya gogi wani, to, wannan sai an sha wuya.

An fara wasan nan a garin Ann Arbor, cikin Jihar Mishigan ta Amurka, a 1956. Wani mutum, Dokta Richard Porter, shi ya tara 'yan mata ya koya musu, aka sa musu suna Hockettes, domin su kan fito su yi wasa lokacin da 'yan hokin Jami'ar Mishigan su ke hutu a tsakiyar wasa. Tun ana kallonsa abin nishaɗi har ya zama abin gasa, aka yi gasar duniya ta farko a birnin Minneapolis a 2000.

To, wa ke ɗaukar nauyin ƙungiya irin wannan? Ba gwamnati ba ce, ba kuwa wani attajiri ba. Iyayen yaran ne. Su kan taru su zaɓi kwamiti, da shugaba, da magatakarda, da ma'aji, kuma ba wanda a ke ba ko anini a cikinsu. Malamin da ke koyar da wasan shi a ke biya, don sana'arsa ke nan.

A ganina ma'aji ya fi kowa ɗaukar kaya. Yawancin ƙungiyoyin nan ba su da filin ƙanƙara na kansu, haya su ke yi, ana biya awa-awa. Filin kuwa cikin wani babban ɗaki ya ke, tsawonsa ƙafa 200, faɗinsa ƙafa 85, da injuna a ƙarƙashi masu hana ƙanƙarar narkewa, ga kuma wata mota, Zamboni, mai share ta tana gyarawa. Duk wannan kuɗi ne, kuma 'yan hoki su ma suna neman filin, saboda haka sau da yawa lokacin da ƙungiya ta kan samu shi ne da asuba ko da dare. Tun kafin kakar wasa ta kama ma'aji zai sa hannu a takardar haya ta watanni. Ko yara 20 suka zo ko 12, kuɗin filin bai ragu ba. In wani uba ya janye 'yarsa a tsakiyar shekara, sauran ne za su cike gurbin. Don haka ne ƙungiyoyi da dama su kan sa iyaye su yi alkawari a rubuce tun ranar da aka zaɓi yaro, cewa za su biya har ƙarshe. Da ya ke kuma gwamnati ta ɗauke wa irin waɗannan ƙungiyoyi haraji, tilas ne kowace shekara a kai wa hukumar haraji bayanin kuɗinsu. Wanda ya taɓa riƙe littafin kuɗi ya san abin da wannan ke nufi ga mutumin da ya wuni wurin aikinsa, ya komo gida da dare ya buɗe na ƙungiya.

Bayan kwamiti akwai wakiliyar 'yan wasa, galibi uwar ɗaya daga cikinsu ce. Ita ke neman mota da masauki in za a tafi gasa, ita ke lura da riguna su zo iri ɗaya, har ɗaurin gashi. Kada mai karatu ya rena wannan, gama tsinken gashi guda in ya faɗi bisa ƙanƙara ya isa ya kā da yarinya, wadda ta faɗi kuwa tana iya jan na kusa da ita. Tun da aka kafa cibiyar SafeSport a 2017, malamai da masu kula da yara a wurin tafiya sai an bincika halinsu, sun kuma yi wani kwas na kare yara.

Inda rigima ta kan taso shi ne wajen zaɓe. A babbar gasa mutum 16 ke shiga fili, an yarda a zo da 'yan jiran gurbi har huɗu. Waɗannan huɗu sun biya kuɗi kamar kowa, sun yi sammako kamar kowa, amma ran gasa suna iya ƙarewa a bakin fili. Yaya ke nan in uwar ɗayansu ita ce shugabar kwamitin da ke biyan malami albashi? Ƙungiyoyin da suka daɗe sun raba aikin: kwamiti na da kuɗi da takardu, malami na da fili, ba mai shiga gonar wani. Rubuta wannan doka ba wuya, tsayawa a kanta ran da 'yarka ke kuka shi ne aiki.

Kuɗin da iyaye ke biya ba ya isa kullum, sai a haɗa da sayar da kayan toye-toye da wankin motoci. Amma hanya mafi girma ita ce shirya gasa. Ƙungiyar Ann Arbor tana da tata, mai sunan Dokta Porter, wadda a kan yi da farkon hunturu, ƙungiyoyi su zo daga jihohi da yawa, kowace ta biya kuɗin shiga. A kwanakin nan sai ka ga lauya yana tsaron ƙofa, malamar makaranta na kiran sunaye, injiniya na kunna kiɗa. Alƙalan gasar ma ba su da lada, sai dai a biya musu kuɗin hanya da masauki da abinci. Kowace ƙungiya kuwa, bayan wahalar watanni, wasanta a fili bai fi kamar minti huɗu ba.