Yadda A Ke Toshe Ramin Buromodomen

Ina so in yi wa 'yan'uwana ɗalibai bayani a kan wani bincike da a ke yi wajen neman maganin ciwon daji, musamman mu da ke karatun kimiyya.

A cikin ƙwayar jikin mutum akwai zaren DNA mai tsawon wajen mita 2, an naɗe shi jikin wasu furotin da a ke kira histon, kamar yadda a ke naɗe zare a mazari. In ƙwaya tana son a karanta wani sashe na zaren, sai ta liƙa wa histon ɗin wata 'yar alama mai suna asetil. Mai gane alamar nan kuwa shi ne buromodomen, watau wani ɓangare na furotin. Mutum yana da irinsa 61 a cikin furotin 46. Kada sunan ya ruɗe ku, ba ruwansa da sinadarin buromin. Daga wata ƙwayar gado ta ƙuda mai suna brahma aka samo shi.

A shekarar 1999 Ming-Ming Zhou da abokan aikinsa a Niyok suka fito da siffarsa. Sanduna ne guda 4 murɗaɗɗu, a kansu akwai ɗan rami, nan alamar asetil ke shiga ta zauna. To, a wasu cututtukan daji wani furotin mai suna BRD4 ya kan riƙe alamar nan, ya sa ƙwaya ta yi ta hayayyafa ba tsayawa. Sai masana suka ce, me zai hana a toshe ramin?

A 2010 James Bradner na Boston da masanan Oksfod suka ba da labarin wani ƙaramin sinadari, JQ1, wanda aka sa wa sunan mai haɗa shi, Jun Qi. Sun haɗa shi da buromodomen na BRD4, suka daskarar da su kamar ƙwayar gishiri, sa'an nan suka haska musu hasken eksire. Daga yadda hasken ya warwatsu suka lissafa mazaunin kowane atam. Sai ga JQ1 zaune cikin ramin, ya kama amino asid asfarajin mai lamba 140, daidai inda asetil ke kamawa, ga kuma 'yan ƙwayoyin ruwa a gindin ramin. Ashe kwaikwayon alamar ya ke yi.

Abin da ya fi burge ni shi ne, JQ1 iri biyu ne, kamar hannun dama da na hagu. Atam ɗinsu ɗaya ne, amma guda kaɗai ke shiga ramin, ɗayan ko kusa. Da aka gwada mai shigan a kan ɓeraye masu wani mugun ciwon daji da a ke kira NUT, sai ƙarin ya ragu.

Duk da haka ba a ba mutane JQ1, domin jiki yana kawar da shi da wuri. Ƙannensa da aka gwada a asibitoci kuwa sun kan rage ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare. Ga shi kuma ramukan sun yi kama da juna ƙwarai, BRD4 shi kaɗai yana da biyu. Shi ya sa masana ke ta auna ɗan bambancin da ke bakin kowane rami, don su ƙera abin da zai toshe guda ya bar sauran.